Haraji Ya San Hanya, Kuka Bai Sani Ba: Yadda Ake Mulkin Yammacin Zamfara Daga Nesa

Da za a ba marubucin ƙagaggen labari aikin ƙirƙiro wata daula da ba a taɓa yi ba, a ce ya yi mata sarki da fada da tuta, duk wannan ba zai ba shi wuya ba. Inda zai yi gumi shi ne ranar da rundunar daular ta ci wata ƙasa mai nisa, ta tashi komawa gida. Wa za a bari a can, sarkin da aka tarar ko yaron sarki da aka zo da shi? Da wace doka za a yi shari'a? Nawa za a karɓa a shekara, nawa kuma zai tsaya a ƙasar? In wanda aka bari ya yi zalunci, wa talaka zai kai wa ƙara, kwana nawa zai yi a hanya? Mai neman amsar waɗannan tambayoyi ba sai ya je Rum ko Istanbul ba. Ya zo Gummi, ya ratsa Bukkuyum, ya sauka Anka. Fiye da shekara 250 ke nan ana gwada amsoshin a kan mutanen wannan yanki, daga Alƙalawa, daga Sakkwato, daga Landan, yau kuma daga Abuja da Gusau.

Abin da na gani a wannan tarihi shi ne, duk wanda ya mulki yankin daga nesa ya iya share hanyar da dukiya za ta bi ta fita. Babu wanda ya gaza a wannan. Inda suka sha bamban shi ne ko kukan talaka yana iya bin wannan hanyar ya kai kunnen mai iko, kuma ko mai ikon yana da dalilin da zai sa ya saurara. In aka auna da wannan mudu, Nijeriya ta yau tana riƙe da yammacin Zamfara riƙon ƙasar ƙetare, duk da cewa babu teku tsakanin Gummi da Abuja, kuma mutanen Gummi suna da katin zaɓe.

Gobirawa ne suka fara. Tarihin baka ya ce baƙunta suka zo, Sarkin Zamfara ya ba su wurin zama a gonakin alƙalinsa, wurin da ya zama Alƙalawa. A farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, gidan sarautar ya watse, ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari har ya samu wurin zama a Anka a ƙarni na 19. Mulkin Gobir a kan Zamfarawa mulkin mashi ne tsagwaronsa: a kawo gaisuwa, a ba da mayaƙa, wanda ya ƙi a kai masa hari. Ba a ga wata dabara ta jawo zuciyar waɗanda aka ci ba. Shi ya sa da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shigo ƙasar Zamfara da wa'azi, ya yi kimanin shekara biyar yana zagayawa, ya tarar da kunnuwa a buɗe. Da yaƙi ya tashi a 1804, Zamfarawa da yawa sun ga damar sauke kayan da Gobir ta aza musu.

Sai dai abotar ba ta daɗe ba ta yi tsami, kuma dalilin tsamin ya cancanci a tsaya a kansa. Bayan mummunar asarar da aka yi a yaƙin Tsuntsuwa, jama'ar Shehu ta koma Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805, daga nan aka ci Birnin Kebbi. Lokacin yunwa ne, runduna kuwa ciki gare ta. Mayaƙa suka shiga ɗibar hatsi da dabbobi a garuruwan da suka ba su masauki, sai Zamfarawan da suka yi maraba jiya suka juya baya. Shugabannin jihadi ba su ɓoye wannan ba, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ɓacin ransa da halin wasu mayaƙa ne ya sa ya bar runduna ya nufi gabas, ya tsaya Kano. An ci Alƙalawa a 1808, an gina Sakkwato a 1809, amma Zamfara ba ta kwanta ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya hau a 1817, ya ɓata shekaru yana kai yaƙi a ƙasar da ke bakin ƙofarsa. Darasin farko na mulkin ƙasar da aka shiga da runduna ke nan: abin da soja ya ci a makon farko shi mutane ke tunawa bayan shekara hamsin.

Daular Usmaniyya ta yi tsarin riƙon ƙasashe masu nisa wanda ya kamata ɗalibin mulki ya nazarta. Tun Shehu yana raye aka raba aiki, yamma a hannun Abdullahi, abin da ya zama Gwandu, gabas a hannun Bello. Kowace masarauta tana da ƙofa a fadar Sarkin Musulmi, wato babban mutumin da saƙonta da gaisuwarta ke bi ta hannunsa. Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne ƙofar manyan masarautu irin su Kano da Zazzau, yana kai rangadi, yana kai takardar naɗi, yana sauraren ƙorafi. Sarki yana da 'yancin tafiyar da ƙasarsa, amma naɗinsa sai da yardar Sakkwato, kuma ana iya tuɓe shi. An tuɓe sarakunan Zazzau fiye da sau ɗaya. Ashe akwai hanyar da ƙara ke bi ta hau sama, ko da yake mafi yawan masu bin ta 'yan sarki ne da malamai, ba manomin ƙauye ba. Ranar da aka yi wasa da wannan iko kuwa an ga sakamako: a 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur a Kano ba da son mafi yawan gidan sarauta ba, aka yi basasar da ta cinye rayuka har 1895.

Zamfara ba ta samu ko wannan matsayi ba. Ba a tara ta a ƙarƙashin sarki ɗaya mai tuta kamar Kano ko Katsina ba, aka bar ta gutsi-gutsi, kowane gari yana kallon Sakkwato kai tsaye. Ga Sarkin Zamfara a Anka, na tsohon gida. Ga wani Sarkin Zamfara a Zurmi, na gidan da ya yi jihadi. Ga Sarkin Mafara a Talata Mafara, ga Sarkin Mafaran Gummi, ga Sarkin Danko a Bukkuyum, ga Sarkin Ɓurmi a Bakura, ga Sarkin Kiyawa a Ƙaura Namoda, ga Sarkin Katsina a Gusau. Wani zai ce haka tarihin ƙaure-ƙaure ya bar su, ba wani ne ya zauna ya tsara ba. Na yarda da rabin maganar. Amma mai mulki yana iya tarar da rarrabuwa ya ga tana yi masa amfani, ya ƙi ɗinke ta. Sakkwato ba ta son wata babbar Zamfara a kusa da ita, don haka ta kafa ribaɗi, ta zaunar da 'ya'yan gida a wuraren tsaro, ta bar sarakunan gargajiya a kan karagarsu muddin gaisuwa na zuwa kuma suna fitowa yaƙi in an kira. In ɗayansu ya ɗaga kai, ana murƙushe shi shi kaɗai. Haka aka yi wa Talata Mafara a 1891, zamanin Abdurrahman ɗin nan da mutane suka laƙaba wa Ɗanyen Kasko. Abin lura, kusanci da cibiyar daula bai sa Zamfarawa sun fi Kanawa 'yanci ba, sai ma ya rage musu.

Turawan Ingila sun zo da takarda kafin su zo da bindiga. Tun 1885 wakilin kamfaninsu, Joseph Thomson, ya koma gida da yarjejeniyar da ya ce ya ƙulla da Sakkwato da Gwandu, kuma da irin waɗannan takardu Ingila ta yi ta kare da'awarta a gaban Faransa da Jamus. Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lokoja, ya ce Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila, alhali mafi yawan ƙasar bai taɓa taka ta ba. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, aka gwabza a Kwatarkwashi a nan ƙasar Zamfara, Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Abin da Lugga ya gaya wa manyan Sakkwato bayan ya ci garin ba shi da lanƙwasa: kun samu mulki da yaƙi, kun rasa shi da yaƙi, don haka ikon naɗi da tuɓewa, da ikon sa haraji, da ikon ƙasa da ma'adinan da ke cikinta sun koma hannun Ingila. A riƙe maganar ma'adinan nan, za mu sake haɗuwa da ita a Bagega.

Lugga ba shi da mutane, ba shi da kuɗi, shi ya sa ya ɗauki tsarin da ya tarar ya sa masa littafi da alƙalami. Amma ya juya shi ta hanyar da ta shafi Gummi sosai. An yanke ikon Sarkin Musulmi a kan Kano da Zazzau da Adamawa, aka ƙara masa ƙarfi a kan abin da ya rage. Sarakunan Zamfara, waɗanda a da suke da ganuwarsu da dakarunsu suna aika gaisuwa daga nesa, suka koma ubannin ƙasa masu albashi a En'en Sakkwato, ana iya dakatar da su da takarda ɗaya. Ƙarƙashin uban ƙasa akwai hakimi, kamar yadda muke kiran mai riƙon ƙauye a wannan nahiya, sannan mai unguwa. Samansa akwai Sarkin Musulmi, da Di'o, da Razdan, da Gwamna, har zuwa ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan. Duk shekara malamin haraji yana ƙidaya baligai, ana ƙidaya shanu don jangali, wannan jangalin da littafin Kitabul Farƙi ya lissafa cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Kuɗin ya tafi baitulmali a Sakkwato, a raba da gwamnati. Wanda ya kasa biya ya sayar da akuya, ko ya tafi cin rani, ko ya gudu. Bature kuwa hannunsa a wanke, don wanda talaka ke gani da bulala ɗan garinsu ne.

Ƙa'idar Landan ita ce kowace ƙasar mallaka ta ciyar da kanta. Arewa ba ta iya ba, ana cika mata daga baitulmalin Ingila, kuma wannan giɓi na cikin manyan dalilan haɗe ta da Kudu a 1914. Daga nan za a gane abin da aka gina da abin da ba a gina ba. Jirgin ƙasa ya kai Gusau da Ƙaura Namoda a 1929 saboda gyaɗa da auduga, can ya tsaya. Gummi da fadamunta na Gulbin Zamfara ba su shiga lissafin ba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya matsa, aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi mutane daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, da yawa ba su dawo ba. To, amma kada a ce tsarin ba shi da ƙofar ƙara ko kaɗan. Di'o yana fita rangadi a kan doki, yana kwana a barikin gunduma, kuma an sha tuɓe ubannin ƙasa saboda cin kuɗin haraji. Ahmadu Bello kansa, wanda aka tura Gusau a 1938 ya kula da gundumomin gabas, an tuhume shi da taɓa kuɗin jangali a 1943, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi, ya ɗaukaka ƙara aka wanke shi a Zariya. Sai dai a lura da abin da ke tayar da tsarin daga barci: kuɗin gwamnati. Ƙarar da ta shafi littafin haraji tana gudu, wadda ta shafi bayan talaka tana rarrafe.

A ƙetaren iyaka Faransa ta bi wata hanya, ta ƙanƙantar da sarakuna, ta ɗora kwamandanta a kan komai. A 1906 ta tuɓe Sarkin Damagaram, ta kai shi gudun hijira, a 1926 ta ɗauke hedikwatar Nijar daga Zinder ta kai Yamai, aikin tilas kuwa sai 1946 aka soke shi. A wannan shekarar ce kuma ta mayar da tsibiran Martinik da Gwadalup da Reyuniyon sassan Faransa kanta, masu wakilai a majalisar Paris. Ingila har yau tana da yankunan ƙetare 14, kuma a ɗaya daga cikinsu, tsibiran Chagos, ta kwashe mutanen wurin kaf tsakanin 1968 da 1973 don a yi wa Amurka sansanin soja. Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne dokar duniya game da ƙasar da aka mamaye. Ƙa'idojin Hague na 1907 sun wajabta wa mai mamaya ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya tabbatar da doka da zaman lafiya, kuma in ya karɓi harajin ƙasar, to ɗawainiyar tafiyar da ita ta hau kansa. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema daga baƙon da ya shigo da bindiga. Manomin Gwashi ko Adabka yana da damar tambaya ko gwamnatin da ya zaɓa da hannunsa ta kai ga wannan mafi ƙarancin.

Bayan mulkin kai aka shiga warware tsarin En'e, kuma da dalili, don 'yan doka da kotunan sarakuna sun gallaza wa 'yan hamayya, 'yan NEPU shaida ne. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya cire sarakuna daga gudanar da mulki. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. A 1979 gwamnonin PRP a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, guguwar kuma ta bi sauran Arewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, ni ma da ina wurin da na goyi bayan mafi yawansu. Amma in aka haɗa su sai a ga an rushe wani abu ba a gina madadinsa ba. Gwamnatin da ke rayuwa da harajin talaka dole ta san sunansa, ta san ƙauyensa, ta damu in ya gudu, don gudunsa giɓi ne a littafinta. Gwamnatin da ke jiran rabon man fetur daga Abuja ƙarshen wata ba ta rasa ko kwabo in ƙauye goma sun tashi. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, murna ta yi yawa, an rabu da Sakkwato, sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum sun samu sandunansu. Sanda ta dawo, amma alƙali da ɗan doka da baitulmali ba su dawo da ita ba. Sarkin Gummi na yanzu, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya shugabanci Babbar Kotun Abuja kafin ya hau karaga a 2013, amma a matsayinsa na sarki ba shi da ikon tsare ɓarawon akuya na kwana ɗaya. Laifi kuwa in ya tashi shi ake fara kallo. Gwamna na iya tuɓe sarki, an yi a Maru a 2019, an yi a Zurmi da Ɗansadau a 2022. Wa ke tuɓe kwamandan da aka kira shi ana harbi bai zo ba?

Shekarar 2010 ta tona asirin wannan riƙo. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka shiga kawo duwatsun ma'adini cikin gida, ana dakawa, ana niƙawa, ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Yara suka fara suma suna mutuwa a 'Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Ba ma'aikatar lafiya ce ta fara ganowa ba, ba ma'aikatar ma'adinai ba, likitocin ƙungiyar MSF ne da suka zo wani aiki daban suka lura da sababbin kaburbura ƙanana. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Kundin tsarin mulki ya ce duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, dokar ma'adinai ta 2007 ta nanata, lasisi kuwa daga wani ofishi a Abuja ake bayarwa. Maganar Lugga ce ta 1903 aka canza mata mai shi. To, mai dukiya ya yi me? Bagega, wadda ta fi ko'ina yawan jama'a a cikin garuruwan da abin ya shafa, ta jira har 2013 kafin a share mata ƙasa. An yi alƙawarin naira miliyan 850 a 2012, kuɗin ba su fito ba sai da ƙungiyoyi da matasa suka tayar da ƙura a intanet, duniya ta ji. Kukan Bagega sai da ya zaga ta ƙasashen waje kafin ya kai Abuja. Likita kuwa ba ya iya fara ba yaro maganin fitar da dalma alhali zai koma cikin ƙurar da ta sa masa ciwon, don haka duk watan da takarda ta kwana a tebur, yara ne suka biya.

Dubi kuma irin magungunan da ake kawowa in tsaro ya taɓarɓare. A Afrilun 2019 aka hana haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, haramcin ya zauna har Disambar 2024. Mai ƙaramin rami da ke tsoron hukuma ya daina, mai bindiga ya gaje ramin. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur. Ina jin hujjar da aka bayar, kuma ba na cewa babu abin da aka samu. Amma waɗannan matakai ne na wanda ba ya iya bambance mai laifi da maƙwabcinsa, sai ya hukunta ƙasa duka. Haka mai mamaya ke yi, don bai san mutane ba. Wata huɗu bayan katse wayar, a farkon Janairun 2022, aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwana da kwanaki. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce sun kai 200. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu ita kanta shaida ce: hukumar da a da take sanin adadin shanun kowace ruga, yau ba ta iya daidaita adadin gawawwaki da mutanen da suka binne su.

A wannan fili da aka bari 'yan bindiga suka shigo, kuma abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne sun wuce fashi, sun koyi sana'ar mulki. Suna aza wa ƙauye kuɗi kafin shuka, su sake azawa kafin girbi. Suna kiran mai gari su ba shi adadi da wa'adi, shi kuma ya raba wa magidanta, kamar yadda hakimi ke yi zamanin En'e. Suna sa mutane noma a gonakinsu, suna raba gardama, suna ba da izinin wucewa. A cikin wannan Janairun na 2022 jaridu sun ruwaito cewa an aika wa wasu ƙauyukan Bukkuyum takardu a rubuce, kowanne da kuɗin da zai biya. Halilu Sububu, wanda sojoji suka kashe a Satumbar 2024, an daɗe ana danganta ƙarfinsa da ramukan zinariyar ƙasar Anka. Ba ina cewa sun zama gwamnati ba ne, kuma Allah ya kiyaye in yi musu ado. Mulkinsu ya fi na Babari muni, don babu alƙali, babu ƙofa, kuma biyan wannan daba ba ya hana waccan zuwa. Amma su ne ke ƙidaya mutane yanzu, su suka san wa ya noma nawa. Mai garin da ya tara musu kuɗi don ya tsirar da jama'arsa, gobe hukuma ta kama shi da laifin haɗa baki. In ya ƙi, su kashe shi. Tun zamanin Gobir ba a taɓa matse mutumin tsakiya haka ba.

Za a ce na wuce gona da iri, ai Gummi da Bukkuyum suna da ɗan majalisar wakilai, Zamfara ta Yamma tana da sanata, ta ma fitar da gwamnoni. Gaskiya ne, kuma wannan bambanci ne babba da zamanin Razdan, ban raina shi ba. Amma wakilci na hawa sama ne sau ɗaya a shekara huɗu, abubuwan da ke kashe mutane kuwa kullum ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ake yanke hukuncinsa a inda mai ƙuri'a zai iya zuwa da ƙafa. Kwamishinan 'yan sanda umarnin Sufeto Janar yake bi. Soja na jiran hedikwata. Lasisin zinariya na Abuja. Kuɗin ƙaramar hukuma shekara da shekaru yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa a Gusau, har sai da Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, hukuncin da aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa.

Shi ya sa ba na cikin masu ganin 'yan sandan jiha su kaɗai za su warware matsalar. Ɗauke iko daga Abuja a ajiye shi a Gusau ragin tafiya ne, amma ga mutumin Gayari ko Kyaram, Gusau ma nesa ce, kuma mun ga abin da gwamnoni suka yi da ƙananan hukumomi da aka ba su amana. Askarawan da jihar ta ƙaddamar a Janairun 2024 sun san daji, sun san mutane, wannan riba ce. Amma mai bindigar da babu alƙalin da ke samansa a kusa, mun riga mun gan shi da sunan ɗan sa-kai, kuma kisan da aka yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba yana cikin abin da ya hura wutar nan. Abin da nake so a yi gardama a kansa ya fi wannan ƙanƙanta kuma ya fi shi wuya. Kuɗin Gummi su sauka Gummi, a manna lissafinsu a bangon sakatariya da Hausa, boko da ajami. Duk jami'in tsaron da aka kai gunduma ya zauna da majalisar uban ƙasa, da wakilan manoma da na makiyaya, a rubuta lokacin da aka kira shi da lokacin da ya iso. Kotu ta riƙa zama a hedikwatar gunduma a kan rikicin gona da burtali kafin ya kai ga bindiga. Dokar 2007 ta riga ta ce mai haƙar ma'adinai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki. Yanzu da aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai, a karanta wa mutanen Bagega da Sunke kowace irin wannan yarjejeniya a bainar jama'a, su ji sunan kamfanin, su ji abin da ya ɗauka zai yi, su kuma san ofishin da za su je in bai yi ba.